Harshe Fes, Ƙafa Tana Wari

A bencin jira na wani asibiti a birnin Chengdu na ƙasar Sin, tsoho Qiu ya miƙe ƙafarsa mai bandeji yana hararar ɗakin gwaji. Matar da ke gefensa ta toshe hanci.

"Ciwon suga ne, Baba?"

"Zafi da danshi ne suka taru, 'yar nan. Yaran nan sai sun yanki naman mutum sun leƙa a madubin ƙara girma kafin su gane ciwo. Likitana na gargajiya kuwa harshe kawai yake dubawa. Jiya ya ce farin da ke kan nawa ya washe, sauƙi ya zo."

"Ya washe, ko kankare shi ka yi kafin ka shiga?"

Qiu ya ji kunya ta rufe shi. "Wanke baki laifi ne?"

"Ka yi wa mutum ƙarya, ka dawo kana yabon idonsa! Kankare ƙafar mana, wari take yi."

"Ke me kika sani?"

Ta zare takalminta. Auduga ce cushe inda yatsu uku suke a da.

"Ni da cokali na riƙa kankare nawa harshen," ta ce. "Kai da me?"