Na Mayar da Sandar Auna Ruwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da duk masu sauraro.

Yau Laraba, damina biyu ke nan ina haɗiye maganar nan. Ni tsohon malamin firamare ne daga wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Shanga.

Tun ina yaro, sarkin ruwanmu kan kafa sanda mai zane uku a gaɓa. In ruwa ya taɓa zane na biyu sai a buga ganga, kowa ya kwashe kayansa zuwa tudu. Sai ga wasu 'yan birni da manhajar waya mai gargaɗin ambaliya, suka ce sanda ƙauyanci ce. Babbar waya ɗaya ce a garin, ta mai gari, a ciki suka saka ta.

A wurin taron gari na miƙe na ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, kai da kake kwana uku a Yelwa duk mako, wa zai faɗa mana?"

Ya ce, "Malam, ka tsufa, zauna." Aka yi dariya, aka tuge sanda.

Manhajar ba ta yi ƙarya ba. Ranar da ruwa ya taso, saƙo ya shigo da wuri, amma mai gari yana Yelwa, wayar kuma tana wurin mai caji a kashe.

Bana da hannuna na mayar da sandar, na sayo ganga. Wanda ya isa ya zo ya tuge ta. In za su kawo manhaja, su saka wa masu kwana a garin.

A waccan ambaliyar na rasa shinkafata gaba ɗaya, da shanun huɗa biyu, da ɗakin da inna ta haife ni.