Kazar da Direba Ya Taka

"Iya, ga wata na sayo miki, har ta fi taki nama. Me kuma ya rage?"

Direban ya gaji. Tun da ya taka kazar tsohuwar nan a bakin tasha ta tsaya gaban motarsa ta hana shi tashi, fasinjoji sai gunaguni suke.

"Ba tawa ba ce."

"Kaza ai kaza ce, Iya. Abin da ya mai da taki kaza, shi ne a jikin wannan."

"To ciro shi in gani."

"Ba a ganinsa."

"Shekara hamsin ina kiwo, ɗan nan. Na san Ja, na san Gurguwa, na san wadda ka kashe. Waccan kazar taka da ba a gani, marar gashi, ban taɓa watsa mata tsaba ba."

"In babu ita, yaya kika gane wannan ba agwagwa ba ce?"

Tsohuwa ta juya ga kwandonta. Direban ya ji daɗi, a zatonsa ya ci gardama, ya dire kazar a gabanta.

Sai ta buɗe kwandon. 'Yan tsakin kazar da aka taka, su shida, suna ta kuka. Sabuwar kazar ta leƙa, ta kai wa ɗaya sara.

"To, malamin kaji, wa zai gaya mata 'ya'yanta ne?"