Takardar Asalin Iya

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Baba Fasto, dattawan ikilisiya, iyayena mata, na gode da kuka ba ni wannan dama. Sunana Saratu Yakubu, ni ce mai dafa wa 'yan makarantar kwana abinci. Waɗanda suka san ni sun san bakina ba ya ajiya, to yau dai Ubangiji zan yaba da shi.

Kun san 'yata Hauwa'u, wadda kowa ke kira Iya. Kakanta, Baba Istifanus mahaifin mijina, shi ya raɗa mata sunan mahaifiyarsa, kuma har ya koma ga Ubangiji bai taɓa kama sunan ba, sai dai Iya. Marigayi mijina Yakubu ma haka. Yarinyar ta yi ta ƙunƙuni tana ƙarama, wai an laƙa mata sunan tsofaffi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Bara waccan Iya ta sami gurbin karatun haɗa magunguna a jami'a. Muka yi murna, muka yi rawa, aka zo biyan kuɗi muka yi shiru. Ina ji ina gani gurbin ya wuce. Yarinya ta zauna gida tana taya ni tsintar shinkafa.

Ta sake rubuta jarrabawa, Allah ya sake ba ta. A wannan karon muka ji labarin wata gidauniya da ke ɗaukar nauyin 'yan asalin Zariya har su gama. Duk abin da suka nema muna da shi, ban da abu ɗaya: takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Ta Yakubu tana cikin akwatin da gara ta cinye tun muna Kafanchan.

Na je sakatariya, suka ce sai da sa hannun mai unguwa. Na je wurin mai unguwarmu a nan wajen Wusasa, ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce mu 'yan haya ne, ba zai shaidi asalin da bai sani ba. Ya ce mu nemi gidan da aka binne cibiyar kakan Iya.

'Yan'uwa, na gane gidan da yake nufi. Yana cikin birni, a Kusfa.

Baba Istifanus haifaffen can ne, ɗan gidan malamai, sunansa na yanka Sani. Yana saurayi ya karɓi Yesu, ya fita daga gidan, aikin jirgin ƙasa ya yi ta yawo da shi. Bai sake taka zauren ba. Ko rasuwar mahaifiyarsa sai bayan an daɗe ya ji. Ya sha gaya mana, “Kada ku je ku fama musu tsohon miki.” Yakubu ya riƙe maganar har ya mutu. Ni ko ƙofar gidan ban sani ba, suna kawai nake ji, gidan Malam Barau, kuma an ce ƙanen Baba, Malam Tanimu, shi ne babba a gidan yanzu.

Ranar Juma'ar makon ne za a rufe karɓar takardu. Na yi ta jan ƙafa har Laraba ta zo.

A shagon da ake cike wa yara takardu a kwamfuta, wani mutum ya ja ni gefe. Ya ce Mama, me zai kai ki birni a wulaƙanta ki? Shi zai haɗa mini takarda da hatimi da komai, ko wanda ya ƙirƙiri hatimin ba zai gane ba. Ba zan yi muku ƙarya a gaban bagadi ba, na ce masa to. Na ce gobe Alhamis da safe ina zuwa.

Da safen na fito na biyo ta ƙofar majami'ar nan, na tarar a buɗe ana shara. Na ce bari in shiga in roƙi Allah ya sa kada a gane. Kun ji irin addu'ar da na zo da ita! Na durƙusa a benci na baya can, na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Yaya zan ce wa Mai Tsarki ya rufa wa ƙaryata asiri? Kuma in an kama, ba ni za a kora ba, Iya za a kora, da tambarin zamba a goshinta tun ba ta fara rayuwa ba.

Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, “Ya Uba, kai ne uban marayu. Yarinyar nan ba ta da wanda zai tsaya mata. Ina jin tsoron gidan nan, ina jin tsoron bakina. In ka ce in je zan je, amma ka riga ni shiga, kuma ka riƙe mini harshe.” Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Na dai tashi na san ba zan koma shagon mutumin nan ba.

Wata maƙwabciyata ta ba da shawara Iya ta sa hijabi mu yi shiru da maganar addini har a sa hannu. Na ce a'a, na guje wa ƙarya ɗaya ba zan faɗa wata ba. Muka yafa manyan mayafai don girmama gida, na sayi goro, Juma'a da sassafe muka hau keke.

Tun da muka shige Ƙofar Kuyambana nake salati irin namu a zuci. Mai keke ya sauke mu a bakin lungu ya ce nan gaba sai ƙafa. Muka yi ta tambaya, wannan ya nuna can, wancan ya nuna nan, ga rana tana ɗagawa, ga shi ranar Juma'a ba a daɗewa a ofis. Da ƙyar wata mai sayar da koko ta nuna mana zauren.

Muka yi sallama, aka shiga da mu wajen mata. Uwargidan, Hajiya Asabe, ta shimfiɗa mana tabarma. Kun san gidan mutanen birni, baƙo ba ya faɗin abin da ya kawo shi sai ya sha ruwa. Aka gaisa, aka sake gaisawa, ina gajiya, ina gida, ina yara, yaya hanya. Aka kawo ruwa, aka kawo fura. Ina kurɓa ina kallon inuwar katanga tana janyewa.

Da ta ce, “To baiwar Allah, daga ina?” na ce mu iyalin Sani ne, wanda ya fita tun da daɗewa. Wadda ke daka ta ajiye taɓarya. Hajiya ta dube mu ta daɗe, sannan ta tashi ta ce bari ta gaya wa Malam.

Muka jira. Ban san iya tsawon jiran ba, na dai san Iya ta kama hannuna.

Aka kai mu ɗakinsa. Tsoho ne tukuf, idonsa ya yi rauni, yana zaune kan buzu da carbi a hannu. Da na ga goshinsa da hancinsa sai na ga Baba Istifanus sak. Babban ɗansa, Malam Kabiru, yana gefe. Muka durƙusa muka gaishe shi, na tura goro gabansa, na faɗi abin da ke tafe da mu dalla-dalla. Ban ɓoye masa cewa mu Kirista ne ba.

Bai taɓa goron ba. Ya ce, “Istifanus kika ce? Ni ban san wani Istifanus ba. Sani na sani.”

Na ce shi ne, Baba.

Ya ce, “Mutuwarsa a bakin wani direba na ji ta, a tasha. Uwarmu ta mutu tana kallon ƙofa. Shekara da shekaru ba wanda ya tako, ko a daɗi ko a wuya. Yau da buƙata ta taso kun gane hanya.”

Jama'a, kun san ni. Amsa ta taso mini har maƙogwaro. Na so in ce, ku da kuka san hanya sau nawa kuka neme shi? Na so in ce ina kuke ranar da na binne ɗansa ni kaɗai da marayu? Da na faɗa, da shi ke nan, karatun Iya ya mutu a kan tabarmar nan. Na ji kamar an dafe mini baki. Abin da ya fito kawai shi ne, “Gaskiya ne, Baba. Zumunta a ƙafa take, mu ba mu taka ba. A yi mana haƙuri.”

Ya ja carbi. Sannan ya ce shi bai taɓa shaidar abin da bai sani ba, kuma ba zai fara da tsufansa ba. Bai san ni ba, bai san yarinyar ba, kowa ma zai iya shigowa ya ce shi jinin Sani ne. Ya ce Allah ya ba mu mafita a wani wurin.

A waje an fara jin yara suna wucewa da tabarmin masallaci. Na ce a raina, Ubangiji, na zo kamar yadda ka ce, ga shi ana sallamarmu.

Mun yunƙura za mu tashi, sai Hajiya Asabe, don dai ta rage mana zafin abin, ta dafa kafaɗar yarinyar ta ce, “Yi haƙuri 'yata. Ban ma tambayi sunanki ba.”

Yarinyar ta ce, “Hauwa'u. Amma a gida Iya ake ce mini.”

Carbin ya tsaya a hannun tsohon. Ya ce, “Wa ya ce miki Iya?”

Ta ce, “Kakana ne. Shi ya raɗa mini. Bai taɓa faɗin sunana ba har ya rasu. In ya sayo tsire ni yake fara miƙa wa, ya ce Iya a sa albarka.”

Tsohon nan ya sunkuyar da kai. Muka ga kafaɗunsa suna girgiza. Ya ce a hankali, kamar ba da mu yake ba, “Haka yake mata. Ashe Yaya bai manta ba.” Ya miƙa hannu yana lalube, Iya ta matso, ya dafa kanta ya daɗe bai ɗauke ba.

Ni ban taɓa kawo wannan suna a lissafina ba. Na zo da takardun makaranta, na zo da goro, na zo da jawabin da na tsara tun daga gida. Ashe abin da zai yi magana yana tare da mu tun ranar suna.

Ya ce a miƙo masa rawani da sanda. Malam Kabiru ya ce Baba zauna, ni zan kai su wurin mai unguwa. Tsohon ya ce, “Uwata ta zo da buƙata, in aiki yaro?”

Haka muka fita, yana dogara sanda, Iya na riƙe da hannunsa, mutanen lungu suna ta kallo. Ni kuwa ina bayansu kamar in ɗauke shi in ruga, don tafiyarsa ta hawainiya ce kuma lokaci ba ya jiran tsoho. A ƙofar gidan mai unguwa muka tare shi, ya riga ya sa babbar riga zai tafi masallaci. Ganin Malam Tanimu da kansa ya sa ya koma zaure ya ɗauko biro. Ya ce, “Malam, wa sunan yarinyar?”

Tsohon ya ce, “Tambaye ta. Ni bakina ba ya iya faɗa.”

Mai unguwa ya dube shi, ya dubi Iya, ya ce ya gane, ba ya buƙatar wata shaida. Ya sa hannu, ya buga hatimi.

Malam Kabiru ya ɗauki Iya a babur suka yi sakatariya, ni na bi su a keke ina ta roƙon Allah ya tsayar da mai hatimin can. Na isa na tarar ana rufe tagogi. Sai ga Iya ta fito daga wani ofis da takarda a hannu, tana dariya tana hawaye. Sun sami mai hatimin yana ɗaure takalmi zai fita. Kafin la'asar an tura komai.

Bayan 'yan makonni sunanta ya fito cikin waɗanda gidauniyar ta ɗauka. Haleluya! Yau Iya tana aji biyu, ban biya ko na rajista ba.

Duk hutu tana zuwa Kusfa. Ita ke jera wa Baba Malam magungunansa, shi kuma yana gaya wa baƙi uwarsa ce ta hana shi cin gishiri. Bai taɓa ce mata ta bar addininta ba, ita ma ba ta taɓa ɓoye shi ba. Watan jiya ya sa Malam Kabiru ya kawo shi maƙabartarmu. Ya tsaya a kan kabarin Baba Istifanus ya daɗe, ya ce, “Sani, na ga saƙonka.”

'Yan'uwana, ni takarda na roƙa. Ubangiji ya ba ni takarda, ya ƙara wa marayuna dangi. Kuma amsar nan ya shirya ta tun Iya tana cikin zanen goyo, lokacin da ban san zan yi takaba ba, balle in san wata gidauniya. Saura ƙiris in sayar da ita a shagon kwamfuta.

In akwai wanda ke zaune a nan wa'adi ya matso masa, wani kuma yana raɗa masa gajeriyar hanya, ina roƙonka ka fara durƙusawa. Bi ta ƙofar da kake tsoro, in ita ce ta gaskiya. Wanda ya riƙe bakin Saratu a Kusfa, babu abin da zai gagare shi.

Ku taya ni gode masa. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin.