Harajin gidan da aka kulle

A layin ofishin haraji na ji wani magini da wata tsohuwa suna magana.

"Ni ina bayan wannan harajin, Inna. Masu kuɗi su saye gidaje su kulle suna jiran tsada, mu da muka gina muna haya. Gara su biya."

"Nawa ma a kulle yake," in ji ta. "Tun rasuwar maigidana nake wurin 'yata. In suka sa min, sai dai in sayar."

Ya rage murya. "Mitar wuta suke dubawa. Ki bar ƙwan lantarki ɗaya a kunne."

"Kai da kake bayansu?"

"Ai ba irinki nake nufi ba."

"To, na ɗakinsa zan bari. Da ma ba ya son duhu."