Koren Maɓallin Ilyas

Jawabin da Malam Haliru mai shagon littattafai ya yi a sadakar arba'in ta marigayi Ilyas Abdurrashid, a ƙofar gidansu da ke Zongo, Lome.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Sarkin Zongo, Allah ya ƙara maka lafiya. Malam Liman da na'ibansa, Allah ya gafarta malamai. Alhaji Mato, uban tafiyarmu, da sauran dattawan kasuwar Adawlato da suka rufe shaguna suka zo. Hajiya Zaituna, mahaifiyar marigayi. Batul, matarsa. Sahada, ƙanwarsa. Baƙinmu da suka tsallako iyaka daga Gana, da waɗanda suka taso daga Kwatano. Samari da 'yan matan da ke tsaye bayan rumfa kuna ɗaga wayoyi, na gan ku, ku ma sannunku da zuwa.

Kafin komai, an ɗora mini nauyin wata babbar sanarwa. Kwamitin manhajar Karanta Mini, bayan zama da tashi na sama da shekara biyu, bayan shayin da Allah kaɗai ya san yawansa, bayan mutum biyu sun daina gaisawa sun kuma dawo suna gaisawa, ya cimma matsaya. Maɓallin zai zama kore. Ba shuɗi ba, kore.

Na ga dattawa suna duban juna. Ku yi haƙuri da ni, zan yi bayani, domin a kan wannan maɓallin muka gajiyar da Ilyas.

Ga waɗanda ba su sani ba, Karanta Mini wata 'yar manhaja ce da ake sa wa a waya. Idan saƙo ya shigo da Faransanci, daga asibiti ko daga makarantar yara ko daga ɗan da ya yi nisa, sai ta faɗa wa mai wayar abin da ke ciki da Hausa, da murya. Ilyas ne ya fara ta, saboda ya gaji da ganin iyayenmu mata suna yawo da waya a hannu suna neman wanda zai karanta musu sirrinsu. Muryar da ke magana a ciki ma tasa ce. Kuma bai kulle ta ba. Ya bar cikinta a buɗe: duk wanda ya iya aikin, ko a Kumasi yake ko a Yamai, zai duba yadda aka gina ta, ya gyara, ya ƙara, ko ya kwafa ya yi tasa, ba mai tambayarsa izini. Na taɓa ce masa, "To kai mene ne naka a ciki?" Ya ce, "Tonton, ciwon kan ne nawa." Haka yake kirana, Tonton, wato kawu da Faransanci.

Ya kasance mai haƙuri da tsofaffi fiye da yadda tsofaffi ke haƙuri da juna. Ya kasance idan tsohuwa ta kawo masa waya ta ce ta lalace, ba ya ce mata caji ne ya ƙare; sai ya jona ta, ya tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ya miƙa mata ya ce an gyara. Ya kasance yana bin rumfunan masu atamfa a Adawlato yana tambayar mata yadda suke faɗin abu, don kada manhajar ta yi musu Hausar rediyo. Ya kasance duk Asabar yana koyar da yaran unguwa aikin kwamfuta a ɗakin da Alhaji Mato ya ba mu, da wuta ko ba wuta. Ya kasance mai taurin kai kuma. Batul, ba na jin za ki ƙaryata ni.

To, kowace manhaja tana da shafinta a intanet, inda mutum zai je ya sauke ta. Namu shafin, ni na tsara abin da ke fuskarsa, tun da ni ne aka ce na karanta littattafai. Kuma na karanta su, har da masu muƙaddimar da ta fi cikinsu tsawo, kuma ga alama su na fi so. Na ce shafi zauren gida ne, ba a shiga sai da sallama. Sai na rubuta gaisuwa, irin wadda na yi muku yanzu, amma ta fi ta nisa. Muka sa hoton Sarki. Muka sa na Liman. Muka sa na Alhaji Mato, da na duk wanda ya taɓa ba mu kujera ko fanka. Duk wanda ya taimaka daga baya, sai a zauna a duba inda ya dace a saka shi, sama da wane, ƙasa da wane. Wurin sauke manhajar kuwa yana can ƙasa, wani ɗan rubutu shuɗi, da Faransanci.

Mu da muka yi abu don waɗanda ba su iya karatu ba, muka tare ƙofarsa da rubutu. Ba wanda ya lura a cikinmu. Mun ga kyansa ƙwarai.

Ilyas ne ya zo zaman kwamiti wata ranar Lahadi da kwamfutarsa, ya ce ya sake ginin shafin. Ya juyo mana da ita. Fili ne fari, sai wani ƙaton maɓalli kore a tsakiya, sai murya ta ce, "Salamu alaikum, taɓa nan." Shi ke nan.

Na ce, "Ina mutane?"

Ya ce, "Suna ciki, Tonton. Akwai ɗakinsu, taɓawa ɗaya ce."

Na ce, "Kai ka taɓa shiga gidan mutane ka tarar da masu gida a ƙuryar ɗaki, baƙo a zaure?"

Ya ce, "Ai baƙon ne ke sauri. Mata ce a tsaye bakin asibiti, data ɗinta na ƙarewa, hotonku kawai yana cinye rabi."

Alhaji Mato ya ce, "Hoton wa?"

Ilyas ya ce, "Na kowa, Alhaji. Amma naka ya fi nauyi, saboda aikin rigar."

An yi dariya, amma ba a yarda ba. Kun san yadda muke. Ba ma jefa ƙuri'a, don ƙuri'a tana barin wani da kunya. Sai kowa ya amince, kuma idan babba ya ce "za mu duba", an rufe magana sai wani zaman. Ni ne shugaban kwamiti. Na ce za mu duba.

Muka yi ta dubawa. Ilyas ya dawo da dabara: a ɗakin da ya yi wa hotunan, ya sa na'ura ta riƙa juya su, duk buɗewa sai jerin ya sake, yau kai ne a sama, gobe Alassani mai zemijan, wato ɗan acaɓa, da ya kai mu ɗaukar murya a babur ɗinsa. Ya ce ta haka ba wanda zai yi fushi. Sai kowa ya yi fushi. Alhaji, ka yafe mini, amma a gidanka aka ba mu labarin ka yini kana buɗe shafin gwajin kana rufewa, har ka ga kanka a sama, sannan ka tashi ka yi alwala. Ni ma na gwada. Ban samu ba, na haƙura.

Daga nan muka koma kan launi, don ya fi sauƙin gardama. Wani ya ce kore na wata jam'iyya ne. Wani ya ce shuɗi na wata ƙungiyar ƙwallo ne. Wani ya kawo shawarar a yi rabi da rabi. Ilyas yana zaune, hannu a haɓa, shayinsa yana hucewa.

Samarin da ke aikin tare da shi suka ƙosa. Sahada, ke ce kan gaba, kada ki sunkuyar da kai. Kika ce wa yayanki a gabana, "Grand frère, abin nan a buɗe yake. Mu kwashe mu kafa namu, mu bar musu zaurensu." Kuma kina da iko, haka dokar aikin take. Ya ce, "A'a. Ba za mu raba gida saboda Tonton ba. Zai gaji."

Shi ya riga ni gajiya.

Ciwon ya kama shi a maƙogwaro. Mutumin da ya ba wa wayoyin Zongo murya, tasa ta ɗauke. Da aka kwantar da shi a asibitin Tokoin, sai ya koma rubuta wa mahaifiyarsa saƙo, da Faransancin da ya saba rubutu da shi, manhajar kuma tana faɗa mata da Hausa, da muryarsa ta lokacin da yake lafiya. Haka suka riƙa hira.

Hajiya, na nemi izininki kafin in ba da wannan labarin, kin ce in faɗa. Wata la'asar na zo gaishe ki, Batul da Sahada suna asibiti. Wayarki ta faɗa bokitin wanki, an saya miki sabuwa, ba a kai ga sa mata manhajar ba. Muna zaune sai saƙo ya shigo.

Kika ce, "Haliru, yaron nan ne. Ina abin nan da ke karanta mini?"

Na ce, "Kawo in karanta miki, Yaya."

Kika janye wayar kika ce, "Ba kai ya rubuto wa ba. Kuma ba muryarka nake son ji ba."

Sai na buɗe miki shafinmu na miƙa miki, don kin ce ya faɗa miki saboda ke aka yi abin, za ki iya da kanki. Kika fara ja da yatsa. Gaisuwata ta wuce, ba ki san ma gaisuwa ba ce. Hotuna suka riƙa buɗewa a hankali, daga hula zuwa gemu. Sarki ya wuce. Liman ya wuce. Alhaji Mato ya ɗauki lokacinsa. Sai ga ni, cikin farar shadda, ina murmushi.

Kika ce, "Wannan ba kai ba ne?"

Na ce, "Ni ne."

Kika ce, "Ka yi kyau. Ina abin?"

Na karɓi wayar. Jama'a, ni da na tsara shafin, sai da na wuce wurin na dawo, na cire tabarau na goge, kafin na gan shi. Hajiya tana dai kallon hannuna.

Da manhajar ta sauka, muryar Ilyas ta fito daga wayar ta ce, "Mama, na ci abinci. Kada ki zo yau, rana ta yi zafi." Abin da ke cikin saƙon ke nan duka. Hajiya ta sake kunnawa, ta kuma sakewa. Na yi sallama na fita, ban tabbata ta ji ni ba.

Na ce a raina idan ya warke zan kira zama. Allah bai nufa ba.

Makon jiya kwamiti ya zauna ba Ilyas. Sahada ta zo, mabuɗan shafin suna hannunta yanzu, ta ce mana magana ɗaya: ko a saki shafin yadda yayanta ya bar shi, ko ita da samarin su kwashi aikin su tafi. Ta ce, "Tonton, ni ba ni da haƙurinsa." Sannan, da yake mu ne, muka ɗauko maganar launi, muka gama ta. Ita ce sanarwar da na yi muku. Babbar maganar kuwa aka bar mini, aka ce shugaba bai janye "za mu duba" ɗinsa ba tukuna.

Ranka ya daɗe, Malam Liman, Alhaji Mato, da duk wanda hotonsa ke fuskar shafin nan: ban kawo maganar nan gabanku don in kunyata kowa ba, nawa hoton ma yana ciki. Ina roƙonku ku bari mu koma ɗakin ciki. Ba a cire sunan kowa ba, Ilyas bai manta da ko fanka ɗaya ba. Duk mai son ganinmu zai taɓa sau ɗaya ya same mu, a jere yadda na'ura ta ga dama. A shekarunmu ai zaman ciki ya fi mana.

Hajiya Zaituna, ba mu da abin da za mu ba ki a madadinsa. Kin haifi ɗa ya yi wa unguwa aiki, unguwa ta biya shi da zama. Ki yafe mana. Batul, duk Lahadin da ya dawo miki gida da ciwon kai, daga wurinmu ya ɗauko shi; Allah ya ba ki haƙuri, ya raya abin da ya bari. Sahada, kada ku tafi. Ku zauna ku riƙe aikin, mu kuma mu riƙe bakinmu, gwargwadon iyawarmu. Na janye maganata. Mun duba, ya isa. Ki saki shafin yau, kafin a kwashe kujerun nan, kada wani a cikinmu ya tuna da wani launi.

A madadin iyali, muna godiya ga duk wanda ya zo, da matan da suka kwana biyu suna kan tukwane, da samarin da suka kafa rumfa, da waɗanda suka aiko da ta'aziyya daga garuruwan da Ilyas bai taɓa takawa ba amma muryarsa ta je.

Allah ya jiƙan Ilyas. Allah ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa duk tsohuwar da ta ji saƙon ɗanta ta hanyarsa ta zama haske a gare shi. Allah ya buɗe masa ƙofar rahama ba tare da an tsayar da shi a zaure ba. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata ƙarshenmu, ya rage mana yawan zama. Amin.

Abu ɗaya ya rage, gajere ne. Sabon shafin yana yin sallama, da baki, kafin ya ce a taɓa. Tun ranar farko yana yi. Ni ne ban saurara ba, ina neman hotona. Ilyas ne da gaskiya, ni na yi kuskure.

Wassalamu alaikum.