Maɓoyar Baba

Auta: Salamu alaikum, Yaya, ina wuni?

Yaya: Wa alaikis salam, Auta. Ya aiki? Ya maigidan naki?

Auta: Lafiya lau. Ya Anti da yara? Ya jikin Baba?

Yaya: Da sauƙi. Me kika ce? Ɗaga murya!

Auta: Wai ƙarar mene ne wannan kamar jirgi zai sauka?

Yaya: Motar yankan ciyawa ce. Na ɗauko mai ita ya share mana filin bayan gida, ciyawa ta kai ƙirji, macizai sun dame mu.

Auta: Bayan gida? Yaya, ina Baba?

Yaya: Yana ɗaki yana barci mana.

Auta: Leƙa ka gani.

Yaya: Ke dai da fitina. To, ga ni... Af, ba ya nan. Sandarsa ma babu. Ga abin jinsa na kunne a kan tebur.

Auta: Innalillahi! Yana cikin ciyawar nan!

Yaya: Cikin me? Layin yana yankewa.

Auta: Ciyawa! Tun da likita ya hana shi taba, can yake ɓuya ya sha, ya shimfiɗa buhu wajen tsohuwar rijiya. Shi ya tilasta mini na rantse ba zan faɗa ba.

Yaya: Kika rantse? Mutumin da ko tsawa ba ya ji!

Auta: Yi gudu, Yaya, ka zage ni daga baya!

Yaya: Direba! Kai direba, tsaya! Bai ji ni ba, ya toshe kunnuwansa. Wajen rijiyar ya nufa!

Auta: Jefe shi da wani abu! Sha gabansa!

Yaya: Kashe! Kashe, na ce!

Auta: Na ji shiru. Yaya? Yi magana, don Allah.

Yaya: Ga takalminsa ɗaya a inda aka yanke.

Auta: Wayyo Allahna, na kashe ubana.

Yaya: Baba! Baba! Dakata... ga hayaƙi yana tashi, gab da bakin injin.

Auta: Hayaƙin injin?

Yaya: Na taba. Ga shi kwance yana zuƙa. Ya gan ni, wai ɓoye ta yake a bayansa.

Auta: Alhamdulillahi! Kar ka yi masa faɗa. Yaya, kuka kake yi?

Yaya: Gara ni in riƙa kunna masa tabar a tsakar gida. Ke kuma, idan kika zo...