Gawa a Cikin Gunkin Yumɓu

Da hantsi, a rumfar jiran jirgin ruwa a birnin Kolkata na Indiya, Shefali tana kallon hoton tallar wani tsohon fim da aka dawo da shi silima. A fim ɗin, makashi ya ɓoye gawa cikin gunkin yumɓu, masu bikin gumaka na shekara suka kai shi kogi da kiɗa suka jefa. Wani tsoho kusa da ita, mai busasshiyar laka a farce, ya yi tsaki.

"Shekara hamsin ana yabon shirme."

"Haba Baba. Kakata ta ce har suma mata suka riƙa yi a silima."

"Mu a unguwar maginan gumaka dariya muka yi. Wai mutum huɗu sun ɗaga gunkin kamar kwando. Mutum takwas ma sai da suka huta sau biyu."

"A fim ɗin?"

"Kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Yumɓun tsagewa yake yi. Kwana tara kana shafe tsaga kana ƙona turare, maƙwabta suna ta yabon ibadarka."

Shefali ta ajiye kofin shayinta. "Wa ya gaya maka haka, Baba?"

"Sana'ata ce, 'yata."

"Kakana ma a unguwarku ya yi aiki. Ya fita ana saura kwana tara biki, bai dawo ba. Shekara biyu kafin fim ɗin."

Tsohon ya daɗe yana duban fuskarta, yadda magini yake auna aiki.

"Shi ya sa na ga kamar na san ki," ya ce a hankali. "Goshinsa gare ki."